Randa a Gindin Bango

Ranar Alhamis ce, cikin bazara, shekara ta huɗu da hawowar mutanen Maraɗi kan tudu. Babu abin da ya faru a ranar. Talle magini ya riƙe ta ne kaf, daga asuba har almuru, don washegarinta ɗiyarsa Zuliha ta rasu.

Da asuba tarin tsohuwa Tsahara ne ya tashe shi, daga ɗakin da ke bayan bangonsu. Gidaje goma sha huɗu ne ke zaune ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, a tsohuwar mangaza, wato siton gyaɗa, da ke gefen Sabon Gari, kuma duk bangon da ya raba wani gida da wani a cikinta Talle ne ya gina shi da hannunsa. Ya yi alwala a bakin ƙofa, ya bi Hamidu maɗinki salla a filin tsakiya, inda a da ake jibge buhuna. Su tara ne a sahu.

Da aka busa ƙahon bariki, ƙarfe shida ke nan, Zuliha ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Shekararta goma sha ɗaya. Ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'ya huɗu da Tasalla ta haifa masa, kuma sunan mahaifiyarsa gare ta, saboda haka bai taɓa kiranta Zuliha ba, sai Uwata. Sawu uku ta yi. Na fari da na biyu ta juye a randa. Na uku ta raba shi, rabi a kwatanniya, rabi ta yayyafa a yashin da randar ke zaune a kai, don ruwa ya yi sanyi. Haka uwarta ta koya mata, haka kowace mace ke yi. Randar tana kusurwa, a gindin bango, inda haske ba ya kaiwa.

Wajen ƙarfe bakwai suka sha kunu. Zuliha ta ce haƙorinta na ciki yana girgiɗi. Ya ce ta buɗe baki, ya taɓa shi da ɗan yatsa, ya ce da sauran kwana uku. Sa'an nan ya saɓa hauyarsa, ya rataya igiyar awo, ya fito.

Tsahara na zaune a bakin babbar ƙofa tana shan hantsi.

"Sarkin gini, an tahi gina ma mutane gidaje, mu an bar mu cikin ɓawon gyaɗa?"

"Ke da kike ƙwaya guda, ai ɓawo ya ishe ki."

Ta ce in ya dawo babu goro to ya san ba shi da mata, ita ba ta zaman auren marowaci. Ya ce ya ji.

Daga hantsi har rana tsaka yana bisa katanga a gidan wani ɗan kasuwa, Maman Lawali, wanda yake yi wa zaure. Ana jefo masa tubali yana cafewa yana jerawa. Rana tsaka Zuliha ta kawo fura. Ta zauna a inuwar katanga tana jiran ƙwarya, ta tambaye shi me ya sa tubali ke da gindi mai faɗi da kai tsukakke. Ya ce don ya zauna, ba ta ga yadda Tsahara take ba? Ta yi dariya ta rufe baki da hannu saboda haƙorin. Ta karɓi ƙwarya ta koma.

Bayan azahar zafi ya hana aiki sosai. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Da almuru ya dawo gida, ya mance da goro, ya sha gori. Tasalla ta yi tuwon dawa da miyar kuka. Zuliha ta yi barci a zaune kafin a kira isha, ta jingina da bango, ya ɗauke ta ya kwantar a tabarma, ya ce wa Tasalla yarinyar nan ta fara nauyi. Iyakar ranar ke nan.

A Tibiri aka haifi Talle, a gidan da ba su yi salla ba sai a zamaninsa. Ubansa magini ne, kakansa ma haka. Ya fara taka ƙasa yana ɗan shekara bakwai, ya hau katanga yana sha biyar. A gidansu ba a aza tubalin farko sai an haƙa tushe har gwiwa, an zuba ruwan gero a ramin, an ba ƙasa haƙuri. Da ya zo Maraɗi ya yi aure ya bar zuba ruwan gero, ya koma yin bisimilla, amma haƙa tushe bai taɓa barinsa ba. Shekara ashirin yana gini a tsohon gari, can ƙasa a bakin Gulbi, ba a taɓa cewa ga ginin Talle ya tsage ba.

Sai shekarar da Gulbi ya ci gari. Ruwa ya shigo, gidajen ƙasa suka narke kamar gishiri, har da nasa, har da duk waɗanda ya gina wa mutane. Kumandan, Baturen mulki, ya ce kowa ya hau tudu. Aka ja layuka, aka kafa turaku, aka ce ga filin wane, ga filin wane. To fili ba ɗaki ba ne, ga damina ba ta ƙare ba. Masu hali suka kafa bukkoki, masu dangi suka tafi Tibiri da Jiratawa. Sauran suka rasa inda za su sa kai.

Mangazar tana nan a kulle. Wani kamfanin Nasara ne ya gina ta kafin yaƙi, bango na dutse, rufi na kwano, daɓe na siminti sumul daga wannan kai zuwa wancan, taku sittin a tsaye, goma sha takwas a kwance. Da yaƙi ya tsayar da cinikin gyaɗa, kamfani ya kwashe mutanensa ya bar mabuɗi a bariki. Kumandan ya yarda a zuba mutane ciki har ruwa ya ɗauke, bisa sharaɗi ɗaya: kada a fasa daɓen, kada a huda bangon dutse, don akwai takarda tsakaninsa da kamfani.

Kwana goma aka yi ana zaune a haka, maza da mata da awaki wuri guda, ana kare juna da zannuwa. Sa'an nan Hamidu, wanda shi ne babba a cikinsu, ya ce wa Talle abin nan ba ya yiwuwa, ga magini a cikinmu. Talle ya tafi wurin Maliki tafinta ya ce yana son izinin yanka siminti faɗin tafi biyu a duk inda bango zai zauna, don ba a gini ba tushe. Maliki ya ce kada ma ya soma. Wata huɗu ne fa kawai, in ji shi, wane bango ne zai faɗi cikin wata huɗu?

Talle ya gina. Ya faɗaɗa gindin kowane bango, tubali biyu a jere, ya tsuke shi zuwa sama. Bango ashirin da uku. Ya fitar da ɗaki bakwai a dama, bakwai a hagu, ya bar tsakiya fili. Bai ji daɗin aikin ba, amma da ya bushe ya tura kowanne da kafaɗa bai motsa ba.

Ruwa ya ɗauke, kamfani bai dawo ba. Wata damina ta zo ta wuce. Wasu suka gina filayensu suka fita, wasu suka shigo a madadinsu: gwauraye, tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani, wani makaho da matarsa. Shi kansa Talle filinsa yana nan da turakunsa, kullum yana cewa bana, kullum aikin wani yana shiga gaba. Filin tsakiya kuwa ya zama na unguwa. Nan ake salla, nan ake raɗin suna, nan mata ke sussuka in ana ruwa, nan aka sasanta rigimar rijiya. Mutane suka daina cewa mangaza, suka koma cewa Gidan Kwano.

Kowace kaka Talle yakan zagaya bangayensa ya yi musu yaɓe, ba wanda ya sa shi. Magini sama yake dubawa, don daga sama ruwa ke cin gini. A nan kuwa ga kwano, ko ɗigo ba ya sauka. Sai ya duba kawunansu ya ga lafiya lau, ya shafe su da sabuwar ƙasa tun daga sama har ƙasa, su yi kyau kamar jiya aka yi su.

Ranar Juma'a da hantsi yana bisa katangar Maman Lawali ya hango Hamidu tafe, ba hula. Shekara huɗu suna zaune wuri ɗaya bai taɓa ganin kan Hamidu ba. Ya ajiye tubalin da ke hannunsa a kan katanga, ya sauko.

Bangon da ke tsakaninsu da Tsahara ne ya faɗi. Bai ruguje ba, gindinsa ne ya zame, ya kwanta gaba ɗaya kamar an tura ƙyaure. Tasalla tana waje wurin turmi, Tsahara tana bakin ƙofa inda ta saba. Zuliha ce kaɗai a ɗaki, tana zaune tana tsintar wake. Kafin Talle ya iso maza sun ɗaga ƙasar da hannu. Ba ta yi magana ba, in ji waɗanda suka fito da ita. Aka yi mata sutura, aka kai ta kafin a tafi masallaci.

Kwana uku yana zaune a tabarma a filin tsakiya yana amsa gaisuwa. Kowa ya ce haƙuri, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Wata gwaggonsa ta zo daga Tibiri, ta ja shi gefe ta ce siminti ya toshe wa ƙasa baki, shekara huɗu ba a ba ta komai ba, ga shi ta karɓa da kanta.

Bayan sadakar uku ya ɗauki hauya ya shiga kwashe ƙasar ɗakin, don Tasalla ta samu wurin kwanciya. Sama-sama ƙasar busasshiya ce, tana fashewa gari-gari. Da ya kai gindi sai hauya ta nutse ba ƙara. Ya durƙusa ya sa hannu. Tsayin taƙi guda daga siminti, duk tsawon bangon, ƙasar ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana. A waje ɓawon yaɓe ne busasshe, kaurin ɗan yatsa. A ciki babu komai sai laka.

Ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya bi danshin da ido har kusurwa, inda fasasshiyar randar take kan yashinta. A ɗakin ƙasa, in an yayyafa wa yashin randa ruwa, daɓe ne ke shanye abin da ya ragu. Siminti ba ya sha. Ruwan sai ya bi ƙarƙashin yashi ya lallaɓa ya sami abin da zai sha shi, kuma babu abin da ke kusa sai bango. A bayan bangon, daidai wurin, randar Tsahara ce. Kullum safiya, ta fuska biyu, shekara huɗu.

Ya tashi ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana sallama. A kowane ɗaki randa tana gindin bangon da ya gina, don bangon dutse yakan ɗauki zafin rana, na ƙasa kuwa da sanyi. Ya riƙa sa babban yatsa a gindin bango yana dannawa. A ɗaki tara yatsan ya shige har gaɓa ta biyu.

Da yamma ya gaya wa Hamidu da sauran magidanta. Sa'an nan Hamidu ya ce to a janye randuna, shi ke nan. Talle ya ce a janye, amma abin da ya ciwu ya ciwu, laka ba ta komawa tubali a ƙarƙashin nauyi. Ko dai a fasa siminti a sake gini da tushe, ko a sauke bangayen. Wani ya ce a tokare su da itace. Ya ce gindi ne ke zamewa, tokara ba ta riƙe gindi.

Ana cikin haka Maliki tafinta ya shigo yin gaisuwa, da saƙo a bakinsa. Labari ya kai bariki, kumandan yana son ganin magini da safe. Wannan kumandan shi ne na uku tun bayan ruwa, sabon zuwa ne, bai ma san da mutane a mangazar ba sai yanzu. Maliki ya ce shi dai shawara zai bayar. In Talle ya ce bango ɗaya ne ya sami matsala, tsautsayi ne, za a rubuta a rufe takarda. In kuwa ya ce duka ne, to kumandan ba zai tsaya wata magana ba, zai fitar da kowa ya sa kwaɗo, ga damina a bakin ƙofa.

"Malam Talle," in ji Hamidu, "mutum hamsin da ɗaya ne cikin gidan ga. Ina za mu kai makaho? Ina za mu kai Tsahara? Ka bari ruwa ya wuce, da kaka sai mu san abin yi."

"Wancan karon ma wata huɗu aka ce mini."

Matar makaho ta ce daga bayan ƙofa, ita dai gara bango ya faɗo mata da ta kwana a layi. Talle bai yi fushi da ita ba. Ya san da gaske take.

Da safe ya tafi bariki. Ya tsaya a ƙasan baranda, kumandan na sama a kujera, Maliki a tsakani. Aka tambaye shi me ya kayar da bango. Ya faɗa, tun daga sharaɗin siminti har yashin randa har yaɓen da ya yi da hannunsa ya rufe ɓarnar. Ya lura maganarsa doguwa ce, ta Maliki gajera. Sai ya ɗaga yatsu tara, ya nuna wa kumandan da kansa, ya riƙe su a sama har Maliki ya gaji ya fassara.

Kumandan ya sa hularsa, suka taho da gardi biyu, 'yan sandan bariki. Ya shiga ɗakin makaho, ya soka sandarsa a gindin bango, sanda ta shige. Ya zaro ya duba bakinta. Talle ya roƙi a bar shi ya yanka siminti. Kumandan ya ce a'a, takarda takarda ce, kayan kamfani ne ba nasa ba. Kwana goma ya bayar, kowa ya fita.

Mata suka fara kuka ƙasa-ƙasa. Hamidu ya kalli Talle, ya kau da kai.

Talle ya ce wa Maliki ya tambaya: bangon ne laifi ko mutanen? In bangon ne, shi zai sauke su duka cikin kwana goman, a kafa zana a madadinsu. Zana in ta faɗi a kan mutum sai dai ya ture ta ya tashi. Kumandan ya yi tunani, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce zana wuta ce. Talle ya ce ba za a hura wuta a ciki ba, zai gina madafai a waje da ƙasar bangayen, a kan ƙasar Allah, da tushe. Kumandan ya ce zai dawo ranar goma. In ya tarar da tubali ɗaya a tsaye a kan siminti, ko murhu ɗaya a ciki, to kwaɗo.

Kwana tara ya yi yana rushe aikinsa. Daga sama yake farawa, yana ɓamɓaro tubali yana miƙawa ƙasa, don kada wani ya sake kwantawa. Ranar farko mutum biyu ne suka taya shi. Sauran suna zaune a filin tsakiya da kayansu a ƙulle, suna kallon ɗakunansu na buɗewa. Abin da kowa ya ɓoye shekara huɗu ya fito fili: wanda ba shi da gado, wadda tukunyarta ɗaya, wanda buhun geronsa ya kusa kaiwa gindi. Wasu suka daina gaishe shi. Hamidu ya kwashe iyalinsa da keken ɗinkinsa ya koma rumfar wani aboki a kasuwa, gida uku suka bi shi. Bai yi sallama ba.

Ranar huɗu Tsahara ta taso daga bakin ƙofa, ta zo ta tsaya a ƙarƙashinsa ta miƙa hannu. Ya ce ta koma ta zauna, wannan ba aikinta ba ne.

"Miƙo, Sarkin gini. Rabin ruwan nawa ne."

Ya miƙa mata rabin tubali. Ta kai waje ta dawo. Kafin azahar mata sun yi layi, maza suka ji kunya suka taso.

Ranar goma kumandan bai zo ba, gardi ya aiko. Gardi ya leƙa ya ga zana jere, ya ga madafai shida a waje da rumfar randuna a gefensu, ya karɓi goro ya tafi. Washegari aka yi ruwan shuka. Gida goma suka rage a Gidan Kwano, kuma ba a kore su ba.

Amma zama ya sake. Zana ba ta riƙe magana, ba ta riƙe hasken fitila. Miji da mata suka koma raɗa. Ruwan sha yana waje, mai ƙishi sai ya fita. Ba wanda ya gode wa Talle, shi ma bai sa rai ba.

Tasalla ba ta ce masa komai ba game da bangon, shi ma bai ce mata komai ba game da yashin. Ita tana ganin ita ta koya wa yarinyar yayyafi. Shi yana ganin shi ya aza gini a kan abin da ya san ba ya riƙewa, ya kuma bi shi da yaɓe. Kowa ya riƙe rabonsa, ba wanda ya nemi ya karɓi na wani. Da rana takan shiga bayan zanarsu ta cusa bakin zane a baki, amma duk da haka ana ji, sai filin tsakiya ya yi tsit har ta gama. Wannan tsit ɗin ne ta kasa ɗauka. Bayan arba'in ta ce masa tana son komawa Jiratawa wurin wanta. Ya ce su tafi tare.

Ya bar wa Maman Lawali zaurensa wani ya ƙarasa. A Jiratawa ya yi sauran shekarunsa tara, yana gina rumbuna yana gyara bakin rijiyoyin lambu. Bai sake gina ɗakin da mutum zai kwana a ciki ba. In an roƙe shi sai ya ce bayansa ba ya ɗaukar hawa, ya nuna wani. Filinsa na tudu har ya rasu turaku ne a kai. Kamfani kuwa bai taɓa dawowa neman simintinsa ba.

Kafin su tashi daga Maraɗi sai da suka yi maganar kayan yarinyar. Ba su da yawa. Zane biyu, ɗaya na saƙi ɗaya na kanti, da ɗankwali, da munduwar jan ƙarfe, da takalman fata da aka saya mata da salla, sun yi mata yawa ana jira ta cika su. Akwai faifan da ta fara saƙawa ta kai rabi, da tsakuwoyi biyar na wasan carafke a ƙulle cikin tsumma.

Mata suka ce a bayar sadaka a nan cikin gida, ga 'yan mata sa'anninta. Tasalla ta ce a'a, ba ta son wata rana ta zo gari ta ga zanen yana tafiya a layi. Sai Talle ya ƙulle zannuwan da ɗankwalin da takalman, ya tafi Tibiri a ƙasa, ya ba gwaggonsa, ya ce ta ba wanda ba su sani ba, kada kuma ta gaya musu ko wane ne. Munduwar Tasalla ta kai wa maƙeri ya buɗa ta kaɗan, ta sa a hannunta. Faifan matar makaho ta karɓa ta ce za ta ƙarasa, ta ƙarasa da kaba mai wani launi, don irin ta farko ta ƙare.

Tsakuwoyin ne aka rasa yadda za a yi da su. Ba abin sadaka ba ne, ba kuma abin zubarwa ba. Ranar tafiya, an ɗora kaya a jaki, Tasalla ta kwance tsumman ta ƙirga su, ta sake ƙullewa, ta miƙa wa Talle. Ya sa a aljihu, suka kama hanyar Jiratawa.